BABI NA HUƊU: TARKEN LITTATTAFAN IBADA NA LOKACIN AZUMIN KIRISTA A ƘASAR IKARA, MAƘARFI DA KUDAN

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an bayyana yadda addinin Kirista ya shigo wannan yanki na arewacin Zazzau. A wannan babi kuwa za a ɗora abubuwan da Kiristocin Hausawa ke ibada da su a lokacin azumin kwana arba'in a kan sikeli, wato Littafi Mai Tsarki, da littafin addu'a, da littafin waƙoƙi, da littafin karatun kullum, da kuma ibadar Hanyar Gicciye. Ba manufar wannan nazari ba ce ya yanke hukunci a kan aƙidar wata ɗarika. Abin da ake son a gano shi ne, shin waɗannan littattafai suna magana da Bahaushen da ke riƙe da su, ko kuwa kalmomi kurum suka juya zuwa Hausa suka bar shi ya nemo wa kansa yadda zai aikata? Ra'ayin da babin zai kare shi ne, an fassara kalmar azumi amma ba a fassara aikin ba.

4.1 Lokacin Azumin da Mutanen da Ke Yin Sa

Azumin da Turawa ke kira Lenti yana farawa ne ranar Larabar Toka, kwana 46 kafin Ista. Idan aka cire ranakun Lahadi shida da ke tsakani, waɗanda ba a lissafa su cikin kwanakin azumi, sai a sami kwana 40, daidai da kwanakin da Linjila ta ce Yesu Almasihu ya yi a jeji yana azumi (Matiyu 4:1-11). Tun da yake ranar Ista tana yawo ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, Larabar Toka ba ta wuce tsakanin 4 ga Fabrairu da 10 ga Maris.

Ba duk Kiristocin yankin ne ke kiyaye wannan lokaci ba. 'Yan Katolika, waɗanda ke ƙarƙashin Dayosis ɗin Zariya da aka kafa a shekarar 2000, da 'yan Angilika, su ne ke da shi a cikin kalandar ibadarsu. Angilika ita ce mafi daɗewa, domin ƙungiyar C.M.S. ce ta turo Dokta Walter Miller, wanda ya zauna cikin birnin Zariya kafin mishan ta koma Wusasa a shekarar 1929. An kafa Dayosis ɗin Wusasa a ƙarshen shekarun 1990, daga baya kuma aka kafa na Ikara, da Yusuf Ishaya Janfalan a matsayin bishop na farko. Su kuwa ECWA da Baftis, a al'adance ba su ware kwana arba'in ɗin nan ba. Sukan yi azumi da addu'a a lokutan da ikilisiya ta ga dama, sa'annan su raya makon Ista.

Akwai wani abu na tarihi da ya kamata a riƙe tun daga nan. Kiristocin farko da aka tara a wannan ƙasa ba Maguzawa ba ne. Wajen shekarar 1914 mishan ta zaunar da wasu daga cikin zuriyar Isawa a Gimi, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Maƙarfi, kafin ciwon barci ya watsa zaman bayan 'yan shekaru. Isawa kuwa daga cikin karatun allo suka fito, sun san azumin Ramadan ciki da waje. Shigowar Maguzawa da yawa ta biyo baya ne, musamman daga shekarun 1970. Su ma ɗin, ko da yake ba sa ɗaukar azumin, sun tashi suna jin gangar sahur, suna kallon tashe, suna kiran watanni da sunayen da maƙwabtansu ke kira. Wato ke nan babu wani Bahaushe da kalmar azumi ta zo masa wayam.

4.2 Nauyin Kalmar Azumi

Lokacin da aka fito da cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a shekarar 1932, masu fassara sun tarar da kalmomin ibada a shirye: azumi, addu'a, sadaka, tuba, gafara, zunubi. Dukkansu daga Larabci suka shigo, kuma ta hanyar Musulunci suka zauna a bakin Bahaushe shekaru aru-aru kafin zuwan mishan. Fassarar 1979 da kuma wadda aka sani da Sabon Rai Don Kowa ba su sauya wannan ba, ba kuma yadda za su yi su sauya. A nan ba a ga laifin masu fassara ba, domin ƙirƙiro baƙuwar kalma a inda ake da ta gida wahalar banza ce.

Matsalar ita ce, kalma ba ta tafiya ita kaɗai. Azumi a Hausa yana da 'yan rakiya. Ɗaukarsa ake yi, a kai shi, ko a karya shi, a rama shi. Yana da sahur a gaba, yana da buɗa-baki ko shan ruwa a baya. Har watanni ma sun ci sunansa, ga watan Azumi, ga kuma watan Azumin Tsofaffi. Duk waɗannan suna nuni ga abu ɗaya, wato barin ci da sha gaba ɗaya daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana. Idan Bahaushe ya ga mutum ya kurɓi ruwa da hantsi, ba zai tsaya tambayar ɗarikarsa ba, ya riga ya san wannan ba ya azumi.

To, sai a dubi abin da dokar Katolika ta tanada. Tun daga takardar da Fafaroma Paul na Shida ya fitar a shekarar 1966, wadda kundin dokokin ikilisiya na 1983 ya ƙarfafa, azumin dole kwana biyu ne kacal, Larabar Toka da Jumma'ar da aka gicciye Almasihu. Ya hau kan wanda ya cika shekara 18 bai shiga ta 60 ba. Ma'anarsa kuwa a ci abinci cikakke sau ɗaya, a ɗan taɓa wani abu kaɗan sau biyu, kuma ba a hana shan ruwa ba. Sa'annan akwai ƙaurace wa nama a ranakun Jumma'a, daga shekara 14. Idan aka auna wannan da ma'aunin Hausa, ko kame baki bai kai ba. Shi kuwa littafin addu'ar Cocin Ingila na 1662, wanda shi ne tushen littafin addu'ar Angilika na Hausa, ya lissafa kwana arba'in ɗin a cikin jerin ranakun azumi, ya ba da addu'ar tuba ta Larabar Toka da za a riƙa maimaitawa kullum har ƙarshen lokacin, amma bai ce ga abin da za a ci ko ga sa'ar da za a ci ba. Ya bar wa mai ibada da zuciyarsa.

Wannan shiru ya dace da Baturen Ingila, wanda ba shi da wani azumi a gefensa da zai gwada nasa da shi. Manomin da ke kewayen Paki ko Hunƙuyi kuwa yana da shi, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Saboda haka abin da aka fi gani shi ne, mai ibada ya cike gurbin da abin da harshensa ya koya masa. Wasu su yini ba ci ba sha har ƙarfe shida na yamma, wasu su tsaya a ƙarfe goma sha biyu ko uku, kuma da kalmar buɗa-baki ɗin nan suke kiran abin da suka ci daga baya. Wannan nazari bai ga aibu a cikin haka ba, hasali ma shi ne alamar cewa ibadar ta zama ta gida. Aibin yana ga littattafan da ba su tanka ba. Mace mai shayarwa da ta sha ruwa da rana za ta tambayi kanta ko ta karya, ko akwai ramuwa a kanta, alhali babu shafi ɗaya a littafin addu'arta da ya san da wannan tambaya, balle ya gaya mata cewa a koyarwar ikilisiyarta babu maganar ramuwa irin wadda take tunani.

Abin ya fi fitowa fili a shekarun da azumin biyu suka haɗu. A shekarar 2025 an fara Ramadan ranar 1 ga Maris, Larabar Toka kuma ta faɗo ranar 5 ga wata. Haka suka yi ta gogayya a 2023 da 2024, kamar yadda suka yi a farkon shekarun 1990, domin kalandar Hijira takan zagayo ne bayan kimanin shekara 33. A irin wannan lokaci yaron Kirista da ke aji ɗaya da 'ya'yan Musulmi dole a tambaye shi wane irin azumi ne nasu. Amsar da zai bayar ba daga littafi zai samo ta ba.

4.3 Toka da Nama da Yanayin Shekara

Alamar toka ma ta zo da irin wannan tangarɗa, ko da yake ƙarama ce. A Littafi Mai Tsarki toka alamar makoki ce da nadama. A gidan Bahaushe kuwa toka kayan aiki ce: da ita ake tsiyayar ruwan toka na girki, da ita ake sabulu, da ita ake kare iri daga ƙwari. Ba ya zaman makoki da ita. Abin mamaki shi ne, Hausa tana da alamar da ta fi kusa da ma'anar da ake nufi, wato hurwa ko afi, inda talaka kan ɗebi ƙasa ya zuba a kansa a gaban sarki don nuna ƙasƙantar da kai. Tsohuwar al'ada ce a ƙasashen Sudan, domin Ibn Battuta ya gan ta a fadar Mali a tsakiyar ƙarni na 14. Daɗin daɗawa, ayar da ake tunawa da ita lokacin shafa tokar (Farawa 3:19) a kan turɓaya take magana da komawar mutum cikinta. Mai wa'azin da ya ɗauko hurwa ya bayyana toka da ita zai gama aikinsa cikin jumla biyu, amma sai dai ya tono wannan da kansa. Ya kamata kuma a lura cewa littafin 1662 ba shi da shafa toka sam, karatun gargaɗi ne da Zabura 51 ya tanada, kuma C.M.S. ba masu son yawan alamomi ba ne. Majami'un Angilika da ke shafawa a yau daga baya suka rungumi abin.

Maganar nama ita ce ta fi ba da dariya, idan har akwai abin dariya a ciki. An tsara dokar ne a ƙasashen da nama ke zaman abincin gata na yau da kullum, kifi kuma ya zama na marasa hali. A ƙauyen Kudan tuwo ne da miyar kuka ko kuɓewa, da daddawa, nama sai ranar kasuwa ko suna ko biki. Kifi kuwa, ko busasshe ne, ƙari ne ba ragi ba. Wanda aka ce ya bar nama ranar Jumma'a ya ci kifi, an ce masa ne ya bar abin da ba shi da shi ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa. Ita dokar kanta ta bar ƙofa, domin sashe na 1253 na kundin 1983 ya ba taron bishop-bishop na kowace ƙasa ikon musanya wannan da wani nau'in horon kai ko aikin jinƙai. Da za a tambayi mutanen yankin abin da barinsa ke da zafi, da goro da shayi da sukari za su ambata.

Haka nan yanayin shekara. Kalmar Lenti daga tsohon Ingilishi take, ma'anarta lokacin da yini ke ƙara tsawo bayan sanyi, lokacin da itatuwa ke tohowa. Hotunan da ke cikin wa'azozin da aka gada daga can na wannan yanayi ne. A nan kuwa kwana arba'in ɗin yana farawa ne da wutsiyar hunturu ya ƙare a tsakiyar bazara, lokacin da rana ta fi zafi, rijiyoyi suka ja baya. Ba kuma lokacin hutu ba ne. Ana ban-ruwan tumatir da albasa a fadama, ana saran rake da dafa mazarƙwaila, wanda aka san ƙasar Maƙarfi da Kudan da shi, ana sharar gona da kai taki. Azumin ba ci ba sha a bakin tukunyar mazarƙwaila ba ƙaramin abu ba ne. Amma a wani gefen, wannan yanayi ya fi na Turai dacewa da labarin jeji da ƙishirwa, kuma jiran ruwan farko hoto ne na tashi daga matattu wanda duk manomi zai gane ba sai an yi masa bayani ba. Wannan dukiya tana nan a zube, rubutattun littattafan ba su ɗauka ba.

4.4 Abincin Yini da Littafin Waƙoƙi

Abincin Yini, littafin karatun kullum da ECWA ke bugawa, ya shiga gidaje har da na waɗanda ba 'yan ECWA ba, saboda Hausarsa mai sauƙi ce kuma karatunsa gajere ne. Sai dai a kan shekarar Janairu zuwa Disamba aka gina shi, kuma ɗarikar da ta samar da shi ba ta bin kwana arba'in. Ba za a zarge shi da rashin abin da bai yi alkawari ba. Abin lura kawai shi ne, ɗan Angilikan da ya dogara da shi yana iya ƙare lokacin azumi karatun gidansa na tafiya wata hanya, na majami'arsa na tafiya wata.

Littafin Waƙoƙi kuwa sai an ɗan dakata a kansa. Mafi yawan abin da ke cikinsa fassara ce ta waƙoƙin Ingilishi, an kuma riƙe muryoyinsu na asali. Waƙoƙin gicciye da jinin Almasihu suna da yawa a ciki, kuma tsofaffi sun haddace su suna ƙaunarsu ƙwarai, wannan ba abin musu ba ne. Amma Hausa harshe ne mai karin sauti, ma'aunin waƙarta kuma a kan doguwar gaɓa da gajeriya yake, ba a kan ƙarfin furuci irin na Ingilishi ba. Idan aka ɗora kalmomin Hausa a kan muryar da aka tsara don wani harshe, sai a ja gajeriyar gaɓa, a guntule doguwa, a tayar da murya a inda ya kamata ta sauka. Alal misali, a ɗauki kalmar wuya a maganar wahalar Almasihu. Idan ta fara ƙasa ta hau, wahala ake nufi. Idan ta fara sama ta sauka, gaɓar jiki ce da ke riƙe da kai. Muryar waƙar Turai ba ruwanta da wannan bambanci. Gaskiya ne mai sauraro yakan gane daga abin da ke kewaye, amma ganewa daban, ratsa jiki daban.

Wannan ne ya sa waƙoƙin da Zumuntar Mata da ƙungiyoyin Sabon Rai ke ƙirƙira da bakinsu suka fi kama mutane. Da Hausa aka haife su, muryarsu tana bin karin harshen, suna da jagora da amshi kamar waƙar daɓe ko ta niƙa, ana raka su da tulu da ganga da caki. A cikinsu ne ake jin Maryamu a matsayin uwar da aka kashe wa ɗa a gaban idonta, ake jin Yahuza a matsayin wanda aka ci tuwo ƙwarya ɗaya da shi ya ci amana. Rauninsu shi ne kiɗansu na murna ne ko da kalmomin na baƙin ciki ne, har takan kai waƙar gicciye ta koma ta rawa. Sa'annan ba a rubuta yawancinsu ba, suna yawo ne a baki da kuma katin waya.

4.5 Hanyar Gicciye

A ganin wannan nazari, babu ibadar da ta zauna daram a ƙasar nan kamar Hanyar Gicciye ta 'yan Katolika. Zango 14 ne, adadin da Fafaroma Clement na Goma Sha Biyu ya tsayar a shekarar 1731, ana bin su ɗaya bayan ɗaya a ranakun Jumma'a, ana tsayawa, ana durƙusawa, jagora na faɗa jama'a na amsawa. Dalilin karɓuwarta a fili yake. Ba ta bukatar iya karatu, labari ce mai farko da ƙarshe, kuma da ƙafa da gwiwa ake yin ta. A ranar Jumma'ar gicciye matasa kan mayar da ita wasan kwaikwayo a fili, har wanda ba ɗan ɗarikar ba ya tsaya kallo. Zango na biyar, inda aka tilasta wa Saminu Bakurane, mutumin ƙasar da ake kira Libiya a yau, ya ɗauki gicciyen, ba ya bukatar sharhi ga jikokin waɗanda suka yi aikin tilas da dako a zamanin Turawa.

'Yan ɗarikun bishara sukan soki ibadar da cewa wasu zangunan, kamar faɗuwa sau uku da matar da ta share fuskar Almasihu, babu su a Linjila. Sukar tana da tushe, kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya gabatar da wani tsari a shekarar 1991 wanda duk zangunansa daga Linjila suke. Ta fuskar harshe kuwa, inda ibadar ke rauni shi ne guntayen tunanin da ake karantawa a kowane zango. Idan daga Ingilishi aka juyo su, sukan zo da dogayen jumloli da sunaye na ma'ana masu nauyi, a inda Hausa ta fi son aikatau da gajeriyar magana. Katekis mai wayo yakan rufe takardar ya faɗi abin da bakinsa, kuma a lokacin ne ake jin majami'a ta yi tsit.

4.6 Sadaka

Saura ƙafa ta uku ta wannan lokaci, bayan addu'a da azumi. Matiyu 6 da Ishaya 58, waɗanda ake yawan karantawa a farkon azumin, duk sun haɗa azumi da taimakon mabukata. A majami'u abin yakan tsaya a kan baiko na kuɗi da ake tarawa a tura gaba. Amma watan Maris lokaci ne da rumbun mai ƙaramin ƙarfi ya fara sauka, kuɗi kuma ba su a hannu sai an sayar da hatsi ko akuya. Abin da ke hannun kowa shi ne ƙwaryar tuwo, kuma al'adar ciyayya ta riga ta shimfiɗa hanyar da take bi daga gida zuwa gida, har ta kan tsallaka katangar addini a ranar Salla da ta Kirsimeti. Mudun dawar da aka rage daga abincin rana ana iya auna shi a gani, a kuma san gidan gwauruwar da ya shiga kafin faɗuwar rana.